Abba, Kada Ka Hau da Ciwo a Ɓoye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, sai dai katangar nan ta wajen rijiya ta sake zubewa, ka kuwa san wanda ya karɓi kuɗin gyaranta bara. Bar wannan dai, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar Asabar Kawunka ya zo da labari. Ya ce wai sunanka ya fito cikin waɗanda za a ɗauke daga kan jirgin yaƙi na Alpha Jet a kai su Makurdi, su koma kan jiragen da ke wuce gudun sauti. Ya ce kuma ba tsintar ka aka yi ba, kai ka miƙa sunanka. Yana faɗa yana fara'a, ya ɗauka na sani. Na ce Allah ya sa alheri, ban nuna masa a bakinsa na fara ji ba. Wannan na haɗiye shi. Da daddare kuma Ummanku ta ɗora mini wani a kai, wanda ta ji daga wurin yayarka: wai tun bayan Babbar Sallah kunnenka na hagu yake toshewa, wani lokaci har da jiri idan ka miƙe da sauri, kuma a kemis kake sayen magani da kanka, ba ka je wurin likitanku ba. Kada ka kira yayarka ka yi mata faɗa. Ta riƙe maganar iyakar iyawarta, ta yi mata nauyi ta sauke, kuma daidai ta yi.

Na zaɓi rubutu ne don na san halinka a waya. Sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har kati ya ƙare, ka ajiye, ka yi abin da ka riga ka ƙudurta. Takarda kuwa tana nan a aljihunka, ko ba ka so sai ka sake duba ta.

Ban taɓa tuƙa jirgi ba, kuma na san a yau ka fi ni sanin abin nan nesa ba kusa ba. Amma ni na fara zana maka igiyar sauti a kan allo, kuma tsawon shekarun da na yi ina koyar da fizik sun ba ni damar in sa baki. Yadda Kawunka ya kawo maganar, kamar ƙarin girma ne kawai, an ɗauke ka daga ƙaramar mota an ba ka babba. Ina jin tsoron kai ma haka ka ɗauke ta. Abin da ke ƙasa da gudun sauti da abin da ke samansa ba tafiya ɗaya ba ce da aka ƙara wa wuta. Ita iskar ce da kanta take sauya hali.

Sauti turereniya ce tsakanin ƙwayoyin iska. Wannan ta turi ta kusa da ita, ita ma ta turi ta gabanta, saƙo ya yi ta wucewa alhali iskar ba ta bar wurinta ba. A nan ƙasa, idan ma'aunin zafi yana kan digiri 15, saƙon yana cin mita 340 a sakan ɗaya, kusan kilomita 1,225 a awa ke nan. Shi ya sa nake sa ku ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa kuna yara, duk sakan uku kilomita ɗaya. Kuma ba tsayayyen adadi ba ne, zafi yake bi. Da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, yakan kai mita 355. Can sama wajen kilomita 11, inda sanyi yake kai digiri 56 ƙasa da sifili, sai ya sauko mita 295, wajen kilomita 1,060 a awa. Saboda haka ne ba ku dogara da kilomita kaɗai, kuke raba gudun jirgi da gudun sauti na wurin da jirgin yake a wannan lokacin, ku ce Mak kaza. Sunan Ernst Mach ne, masanin nan na Ostiriya da ya fitar da hoton harsashi a guje a 1887, ga layin iskar da ya matse nan a gabansa kowa yana gani.

To ga inda bambancin yake. Ka ɗauki mai kura a kasuwar Kurmi, ya yi lodi, yana turawa yana "hanya! hanya!" Muryarsa tana riga shi isa, mutane su ji, su dare tun kafin ya iso, ya wuce su koma su haɗe a bayansa. Haka jirgi yake da iska matuƙar bai kai gudun sauti ba. Matsin da hancinsa da fukafukansa suke yi yana tafiya gaba da saurin sauti, iskar da ke gaba ta sami labari, ta fara kaucewa a hankali, ta bi ta sama da ƙasan fiffike salin-alin. Yanzu ka ƙaddara mai kurar nan yana gudu fiye da muryarsa. Babu wanda zai ji "hanya". Sai dai mutum ya ji ƙarfe a ƙafarsa, a yi ta cin karo ana taruwa a gaban kurar. Jirgin da ya wuce gudun sauti haka yake yi wa iska. Ba ta da labarinsa sai ya iso, sai ta matsu lokaci guda ta zama wani bango siriri, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, amma daga wannan gefensa zuwa wancan matsi ya yi tsalle, zafi ya yi tsalle, nauyin iskar ma ya yi tsalle.

Ka san bulala? Ƙarar nan "fyas-ƙas" da take yi idan gwani ya kaɗa ta a iska ba wani abu ta daka ba, bakinta ne ya wuce gudun sauti. Harsashin bindigar da sojojinku na ƙasa suke riƙewa yana fita da mita ɗari bakwai da wani abu a sakan, ninkin gudun sauti biyu, shi ya sa yakan isa kafin ƙarar harbin ta isa. Ashe abin ya daɗe a tare da mu. Sabon abu shi ne a zaunar da ɗan mutum a ciki.

Da a ce daga wannan hali ake faɗawa wancan kai tsaye, da da sauƙi. Akwai tsakiya, daga wajen Mak 0.8 zuwa 1.2, kuma ita ce ta ci mutane. Iskar da ke bi ta saman fiffike tana gudu fiye da jirgin kansa, don haka takan kai gudun sauti tun jirgin bai kai ba. Sai ka ga fiffike ɗaya, wani sashensa yana bin wannan doka, wani sashen yana bin waccan, ga ƙananan bangaye suna tsirowa a kansa suna yawo gaba da baya. A bayansu iska ta ɓalle daga jikin fiffiken, jirgi ya kama rawa, inda ƙarfin ɗagawa yake ya zame baya, hanci ya sunkuya. A yaƙin duniya na biyu matuƙan P-38 na Amurka sun gamu da wannan. Idan suka yi nutso daga can sama sai sanda ta ƙage a hannunsu, suna ja jirgi yana ƙara kifewa. Ranar 27 ga Satumba, 1946, Geoffrey de Havilland, ɗan mai kamfanin jiragen de Havilland da kansa, jirgin gwajinsa ya tarwatse da shi a kan bakin kogin Thames a Ingila. A lokacin har jaridu suna ta maganar wata katanga a sama da ba ta ƙetaruwa.

An ƙetare ta, amma da lissafi. Aka karkatar da fukafukai baya, shawarar da Bajamushe Adolf Busemann ya kawo tun 1935 a wani taro a birnin Rum. Aka sirantar da su. Aka sa wutsiyar jirgi ta riƙa juyawa gaba ɗayanta maimakon ɗan bakin bayanta kaɗai, domin idan bango ya tsaya a gaban wannan ɗan bakin, duk motsin da zai yi saƙonsa ba ya komawa gaba. Richard Whitcomb kuma ya zo a farkon shekarun 1950 ya ce a matse ƙugun jirgi daidai inda fukafukai suke. Duk siffar nan da kuke gani kuna sha'awa, kowace kwana a jikinta akwai wanda ya biya ta da ransa ko da shekarunsa.

Wanda ya fi burge ni, wanda ɗalibaina ba sa yarda sai na bi da su ta lissafi, shi ne na bututu. Ka matse bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya ƙara gudu. Iska ma haka take a ƙasa da gudun sauti, a ƙuntata mata hanya ta yi sauri, a buɗe mata ta lafa. Da zarar ta wuce gudun sauti sai abin ya juya: a ƙuntata mata ta rage, a buɗe mata ta ƙara. Shi ya sa bakin roka yake tsukewa sannan ya baje kamar ƙararrawa. Kuma injin jirgin da za a ba ka, duk gudun da jirgin yake yi, ba ya iya shaƙar iska mai wannan sauri. Dole sai mashigar ta ladabtar da ita, ta sauko da ita ƙasa da gudun sauti, kafin ta isa ga farfelar farko. Ka lura da wannan, Abba. Abin da hannu da ido suka saba da shi a wannan ɓangare yana iya zama akasinsa a wancan.

Tsawar da mutanen ƙasa suke ji ma ba a fahimce ta ba. Suna zaton sau ɗaya take tashi, a daidai lokacin da jirgi ya "fasa" katangar. A'a. Bangon nan yana baje ne a bayan jirgi kamar mazurari, jirgin yana jan sa duk inda ya nufa, kuma duk garin da gefen mazurarin ya shara sai ya ji dum-dum. A Mak 2 kusurwar da ke tsakanin gefensa da hanyar jirgin digiri 30 ce, da gudu ya ƙaru sai ta ƙara tsukewa. Shi matuƙin ba ya jin ta. A 1964 Amurka ta yi wata shida tana gwada wannan tsawa a kan birnin Oklahoma, sama da sau 1,200, don a ga ko mutane za su jure. Ƙorafi ya yi yawa, a 1973 aka hana jiragen farar hula wuce gudun sauti a kan ƙasarsu. Wannan na cikin abin da ya karya kasuwar Concorde, jirgin Faransa da Ingila da ya fara ɗaukar fasinja a 1976, har yana yada zango a Dakar a hanyarsa ta Paris zuwa Rio. Yana yin Mak 2, Landan zuwa New York awa uku da rabi, hancinsa ya yi zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, jikinsa ya ƙara tsawo saboda zafi. A 2003 aka ajiye shi. Jiragen da muke shiga zuwa Jidda har yau ba su wuce Mak 0.85 ko kusa da haka. Duniya ta ɗanɗana, ta ga tsadar mai da hayaniya, ta ja baya ta bar wa soja. Ga shi cikin sojan har da ɗana.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Baba wannan duk tarihi ne, jirgin yanzu idan ya wuce Mak 1 ko kofin shayi ba zai girgiza ba, allura ce kawai take ɗan tsalle. Gaskiya ne, na karanta haka, kuma na yarda. Ba katangar nake tsoro ba. Masana sun gama da ita tun ba a haife ni ba.

Lokaci nake tsoro, da kuma kunnen nan naka.

Zo mu yi lissafi kamar da. Alpha Jet ɗinka ba ya wuce wajen Mak 0.85, L-39 da ka koya a Kano bai ma kai haka ba. JF-17, irin ukun nan da aka karɓa a 2021, yana kai Mak 1.6, F-7 kuwa har wajen Mak 2. Mu ɗauki 1.6 a can sama. Mita 470 ke nan a sakan ɗaya, wajen kilomita 1,700 a awa. Kano zuwa Kaduna, a miƙe, minti bakwai. Idan kanka ya juya na sakan goma kacal, ka ci kusan kilomita biyar ba ka san inda kake ba. Kuma ka tuna abin da nake nanata muku a aji, abubuwan nan ba sa bin gudu ɗaya bayan ɗaya, ninkin-ba-ninkin suke bi. Ka ninka gudu biyu, filin da kake bukata ka juya ya ninku huɗu. Idan ka ce sai ka juya a ƙaramin fili, jikinka zai biya. Nauyinka ya ninku biyar, shida, bakwai, jini ya bar kai ya gangara ƙafafu, gani ya dushe daga gefe-gefe, daga nan sai duhu. Lafiyayyen mutum mai rigar matsi, wanda ya ƙoshi ya yi barci, shi ma da ƙyar yake riƙe kansa. Ina ga wanda ya haɗiyi maganin mura na kemis, irin mai sa gyangyaɗi, ya hau?

Kunnen kuma ba na ji kaɗai ba ne, kai ma an koya maka. A cikinsa ma'aunin daidaito yake, shi yake gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa. Akwai kuma 'yar hanyar nan da ta haɗa tsakiyar kunne da maƙogwaro, wadda take daidaita matsin ciki da na waje. A kilomita biyar da rabi matsin iska ya riga ya koma rabin na ƙasa, kuma ɗakin matuƙin jirgin yaƙi ba a cika shi da iska kamar na fasinja. Jirgin da zai haura ko ya sauko kilomita da yawa cikin minti ɗaya ba ya jiran kunnen da ya toshe. Idan na dama ya buɗe na hagu ya ƙi, ƙwaƙwalwa ta sami saƙo biyu masu karo da juna, sai duniya ta kama juyawa. A tsakar gida idan wannan ya same ka sai ka dafa bango ka zauna. A can me za ka dafa? Ko a Alpha Jet ɗin ma ganganci ne, kuma da na tuna kana ta hawa da shi tun bayan Sallah sai barci ya ƙaurace mini. Balle a jirgin da zai rage maka ɗan lokacin da kake da shi.

Kada kuma ka ce ai akwai kujerar cillawa da lema. Ƙarfin bugun iska shi ma ninkin-ba-ninkin yake bi. A Fabrairun 1955 wani matuƙin gwaji a Amurka, George Smith, ya cilla kansa daga F-100 yana ɗan sama da gudun sauti. Ya rayu, amma kwanaki ya yi a sume, ya yi watanni a asibiti, kuma har yau ana ba da labarinsa ne saboda tsira irin tasa ba ta da yawa. Ƙofar nan da kake ganin tana buɗe, da gudu ya ƙaru ƙara rufuwa take yi.

Yanzu bari in zo kan mutumin naka. Hotonsa yana nan manne a bayan ƙofar ɗakinku, Ummanku ta hana a cire. Chuck Yeager, matuƙin Amurka da ya fara wuce gudun sauti, 14 ga Oktoba, 1947, aka sako shi daga cikin babban jirgi a saman hamadar Kalifoniya, ya kai Mak 1.06 a cikin X-1. Kana aji uku ka zo kana ba ni labarinsa idanunka suna ƙyalli, amma ba gudun ne ya burge ka ba, na lura tun a lokacin. Abin da ka yi ta maimaitawa shi ne yadda ya faɗo daga kan doki kwana biyu kafin ranar, ya karya haƙarƙari biyu, ya ɓoye wa manyansa don kada a hana shi, har abokinsa ya yanko masa guntun sandar tsintsiya ya rufe ƙofar jirgin da ita, don hannunsa na dama ba ya iya ja. Ka ce mini, "Baba, ka ga namiji." Na yi shiru ranar don yaro ne kai. Yau ba zan yi shiru ba. Wannan ba jarumtaka ba ce, caca ce ya yi ya ci. Da ya faɗi, da yanzu darasi ne a littafinku na abin da ba a yi. Waɗanda suka ɓoye irin nasa ba su dawo ba, babu wanda ya manna hotonsu a bayan ƙofa.

Kuma kai ba yau ka fara ba. Ka tuna hannunka a gidan Gwaggo, da rigar nan mai dogon hannu da ka yi ta sawa cikin zafin bazara har wuyan hannun ya zama kamar gwanda? Ka tuna zazzaɓin da ka shiga jarrabawa da shi, sai da aka ɗauko ka a kan babur? Ka tuna abin da ya faru shekarar da za ka tafi makarantar soja, wanda har yau ba mu sake ɗaga maganarsa ba? Hali ɗaya ne, Abba. Ka gwammace ka karye da a ce ka kasa. Ummanku tana cewa ni na koya maka, wai don ban yarda yaro ya yi raki a gidana ba. Ban karɓi wannan ba. Na hana ku kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma da ban yi haka ba da ba ka jure horon da ka jure ba. Amma ban taɓa cewa ku ɓoye karaya ba. Wanda ya rasa gane bambancin raki da faɗin gaskiya, kada ya ɗora wa mahaifinsa.

Wane irin girman kai ne zai sa mutum ya ga likita yana nan, an ajiye shi domin shi, ya zagaye shi ya tafi kemis kamar ɓarawo? Jirgin nan naka ne? Dukiyar al'umma ce aka ba ka amana. Wanda yake tashi a gefenka ya dogara da cewa idanunka biyu. A ƙarƙashinka akwai garuruwa, akwai mata a gona, akwai yara a makarantar allo, ba su san sunanka ba, ba su kuma yarda a yi caca da su ba. Idan ka hau ka san kanka ba daidai yake ba, ko ka sauko lafiya ka ci amana. Kada ka ce mini ajali ba ya wuce lokacinsa, na riga ka sani. Wanda ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Na tsaya nan na sha ruwa, don na ga alƙalamin ya fara zafi.

Ba ina so in hana ka ba ne. Lokacin da ka kawo takardar shiga soja ka san ra'ayina, ka san kuma duk da haka hannuna ne a kanta. Ranar da aka maƙala maka fukafukai a ƙirji ina cikin rumfa, Baffanka yana ta zungura ta wai in share ido mutane suna kallo. Duk jirgin da ya wuce ta saman unguwa sai yara su rugo su ce mini ga Yaya Abba, ni kuma ba na ƙaryata su. Idan aka ce ɗana yana cikin 'yan kaɗan da ƙasar nan ta amince su wuce gudun sauti, wallahi babu wanda zai fi ni jin daɗi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zana mazurarin nan da alli, a ce jinina ne a bakinsa.

Na kuma san abin da kake tsoro. Kana ganin idan ka faɗa za a dakatar da kai, a tafi da wani a gurbinka, kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Yana iya faruwa, ba zan rufe ka ba. Amma toshewar kunne sau da yawa abu ne na mura ko kumburin hanci, a duba a ba da magani, a ce ka huta kwana kaza, ka koma bakin aikinka. Wanda ake bari ana dannewa da maganin kemis shi yake zama babba, har ya kai ga fashewar dodon kunne, a nan ne kuma za ka rasa abin gaba ɗaya. Idan kuwa likita ya duba ya ga wani abu ne da ya fi haka, to gara a gani a kan tebur. Matuƙin da aka sani yana faɗin gaskiya a kan jikinsa, manyansa ba sa mantawa da shi idan wani zagayen ya zo.

Ga abin da nake so. Ka je wurin likitanku cikin makon nan, kafin ka sake hawa kowane jirgi. Ka gaya masa duka: tun yaushe, wane kunne, jirin, da sunan duk abin da ka sha. Kada ka rage, kada ka yi masa irin "ɗan abu ne kawai" da kake yi mana. Ka kira ni ranar Juma'a bayan Magariba ka faɗa mini abin da ya ce, da bakinsa ba da naka ba. Idan Juma'a ta wuce ban ji ka ba, zan shiga mota ranar Asabar, kuma ka san idan na iso ƙofar barikin ba kai zan fara nema ba. Kada ka sa in yi abin da zai ba ka kunya a gaban abokan aikinka.

Ummanku ba ta san duk abin da na rubuta ba, na ce mata nasiha ce kawai, don haka idan kun yi waya kada ka tayar mata da hankali da lissafin nan. Ta ba direban nan da ka sani kilishi da zuma da dakuwa, ta ce zumar ta safe ce da ruwan ɗumi, ba ta rabo da abokai ba. Autanku ya ci jarrabawarsa, yana jiran abin da ka yi masa alkawari. Takardar filin nan kuma har yanzu sa hannunka take jira, Baffanka ya dame ni, ka faɗa mini ko in aiko maka da ita ko ka zo da kanka.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka.